Mun Tsaya a Zaure Muna Jin Ihunta

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ni mai gyaran keke ne a Angwan Iya, nan Keffi. A yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba.

Ranar Talata da safe na ga maƙwabcina Audu a teburin mai shayi. Tun da aka sallame shi daga aikin hanya, wainar matarsa Ladi ce ke riƙe da gidan, abokansa kuwa duk sun sayi babura. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Mijin mai waina, yau uwar ɗakin taka ta bar ka ka fito?" Aka yi dariya. Audu ya bar shayinsa ya tafi gida.

Ba a jima ba muka ji ihun Ladi. Muka ruga, amma muka ja birki a zaure, tunda namiji ba ya faɗa wa gidan matar aure. Muna ta sallama, Audu yana ta dukanta, ga ta da cikin wata bakwai. Sai Mama Ngozi mai shago ce ta ture mu ta shiga ta janye ta.

Malam, na lura duk ranar da aka yi masa ba'a, a kanta yake hucewa. Mama Ngozi kuma jibi za ta tafi garinsu, hankalina ya ƙi kwanciya. In na sake jin ihun, in shiga ne, ko in tsaya ina sallama? Ku ba ni shawara.

Ba ni kaɗai na gani ba. Sule mai shayi yana zauren, da Bulus tela, da Ɗanjuma, shi mai ba'ar da kansa.