Na Tarar da Mahaifiyar Likita a Layin Asibiti

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Rabi daga Limancin Kona, Zariya.

Shekara shida Dakta Sani, ɗan maƙwabciyata, yana duba hawan jinina a asibitin gwamnati. Watan jiya ya koma aiki Ingila. Har walima aka yi masa, ni ma na ci shinkafar.

Ranar Litinin na je asibiti tun safe, har la'asar ban ga likita ba, wai likita ɗaya kawai ya rage a asibitin. Ina waigawa sai ga mahaifiyar Dakta Sani a bayana, kati a hannu, ƙafafu a kumbure.

Raina ya ɓaci ƙwarai, Malam. Don Allah ku tambayar mana hukuma, wace irin wahala suka ba yaron nan har ya tafi duba iyayen wasu, ya bar tasa uwar a layi?