Ban-ruwan Tumfafiyar Madam

"Kin ba ta bakin ƙofa ruwanta na rana?"

"Baba tafinta, tumfafiya ce fa!"

"Ban tambaye ki sunanta ba, Falmata. Madam ta ce delo, delo, delo, wato ruwa. Safe, rana, yamma."

"Ta bayan gidanmu a Kelle fitsarin jaki kaɗai take samu, kuma ta fi ka tsawo."

Haka muke yi kullum da Baba Kiyari, tafintan gidan kumandan, Baturen mulki na Gure. Ke Zara, bar wannan tsifar ki matso, ku da kuke cewa baɗi za ku bi ni ci-rani. Shekarar da fara ta cinye mana gero, Inna ta sayar da akuyarta ta ɗaure mini guzuri a bakin zane. Na bi masu jakuna, na sauka wurin Goggo Hajara, ƙanwar babanmu. Ita ta samo mini aiki: ban-ruwa a jardan ɗin matar kumandan. Jardan wai! Garka ce kawai, sai dai ba albasa, ba barkono. Madam ta sa an tono mata tumfafiya da aguwa daga kan tudu, an jera su kamar soja. Wai kyau suke mata. Ladana gero ne, sai damina ta faɗi a auna mini, in ban yi laifi ba.

Ga bazara, yashi na ƙona tafin ƙafa. Ga rijiyar kwari ta ja baya. Gardi, dogarin kumandan, yana tsaye da bulala, ba macen da za ta jefa guga sai na gama ɗibar na Madam. In na tashi, guiɓi ya rage musu. Ni kuma in hau tudu da ruwa garai-garai, in juye cikin wani gwangwani mai dogon hanci, arozuwar suke ce masa, in yi ta yayyafa wa abin da ko raƙumi yake kawar da kai in ya gani. Tir!

Goggo kuwa ta tare ni a ƙofa.

"Kina kwana ɗakina, kina shayar da ciyawa, jikokina na shan laka?"

"Goggo, za a kore ni."

"Ni ma na iya kora."

Daga ranar na riƙa ratsewa ta bayan dangarta, in juye mata tulu a randa. In na isa jardan, in jiƙa saman yashi kaɗai don ido. Kun san abin da ya faru? Tsirran nan suka miƙe! Tumfafiya har da fure. Madam ta zo tana tafe kamar zalɓe, hannu a ƙugu: "Tire biyan, Fatuma, tire biyan!" Wai yabona take yi. Ko sunana ba ta iya ba.

Bakina ne ya ja mini. Wata rana a tsakar gidan Goggo na kifa ƙwarya a kai kamar hular Madam, na toshe hanci ina "delooo, delooo" ina tsiyaya ruwa cikin randa. Mata na faɗuwa don dariya. Dariyar ce ta jawo gardi ya leƙo ta kan danga.

Ya kai ƙarata, aka sa shi bina da bulala daga rijiya har gindin kowane tsiro. Na zuba kuwa, safe, rana, yamma, har ƙasa ta zama taɓo. Kafin wata ya cika aguwa ta yi laushi kamar dafaffiyar kabewa, in ka taɓa ta yatsa ya nutse. Saiwoyi suka ruɓe. Wari! Ƙudaje, tsutsa. Kumandan da kansa ya daina shan iska a wannan gefen.

Aka ce in tafi, ba gero ko tiya ɗaya. Kun dai ga yadda na dawo muku, zanen da na tafi da shi ne a jikina.

Amma kafin in fita na tsaya gabansu, ƙafata cikin taɓo har idon sawu, ga gardi, ga mai dafa abinci.

"Baba tafinta, don Allah tambaye ta, me ya kashe su?"

Ya tambaya. Madam ta ɗora ƙyalle a hanci ta yi magana. Baba Kiyari ya dubi taɓon, ya gyara hula.

"Ta ce ƙishirwa."