Kerkecin Dutse a Jakar Hajiya

A Keke Napep daga Tudun Wada, wata dattijuwa tana laluben jakarta, sai wani ɗan kerkeci da aka sassaƙa da dutse ya faɗo. Matar da ke gefenta ta tsince shi.

"Subhanallahi! Hajiya, gunki?"

"Ado ne. Ɗana Mudathir ya aiko daga Amurka. Wata ƙabila, Zuni, ke sassaƙa su. Wai ruhin dabbar na ciki, yana tsare matafiyi, har garin masara suke ba shi. Ni dai Allah na riƙe."

"To, wannan garin da ke bakinsa fa?"

Hajiya ta fizge, ta goge da bakin mayafi.

"Ki tuba, Hajiya."

"Kullum ina tuba, 'yar nan. Wata huɗu ke nan ban ji muryar yaron ba."