Ruwan da Kuke Gani na Tanka Ne

Mai girma shugaban taro, shugaban hukumar yawon buɗe ido, malam injiniya, iyayena da ƙannena, jama'ar da kuka taru a bakin wannan kwami, assalamu alaikum. Na gode da aka tuna da mai gadin marmaro, ko da yake sai a ƙarshen takarda aka tuna.

An ce in ba da tarihi. To, da farko, kakana ne ya gina ɗakunan wanka shidan can, saboda masu ciwon gaɓoɓi da ake kawowa a goye su koma da ƙafarsu. Ruwa ne mai ɗumi, mai warin kanwa, yana ɓuɓɓugowa ta ido uku. Kowace shekara, kafin damina, mu shiga ba takalmi, mu yashe idanun da tafin hannu. Ƙarfe bai taɓa kusantar su ba.

Na biyu, bara aka zo gyara. Na ce wa injiniya, "Ranka ya daɗe, ka bar idanun nan a buɗe." Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai bututu ɗaya ya isa." Aka zuba siminti, aka shimfiɗa tayil mai sheƙi, aka ɗauki hoto. Wata biyu bututun ya ƙafe.

Na uku, kuma da ɗacin rai nake faɗa, ruwan nan da kuke ta yabawa motar tanka ce ta juye shi jiya da la'asar. Ni aka sa na riƙe tiyo. Ku sa hannu ku ji, sanyi ƙalau.

Marmaron bai mutu ba, ya dai sauya hanya. Yana tsattsafowa a kwatar bayan banɗaki, kuma kullum raguwa yake yi. Roƙona ɗaya: ku ba mu izini mu fasa tayil ɗin nan kafin damina, mu yashe da hannu. In bana ruwan sama ya danne idanun, shi ke nan.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mai da ku gida lafiya, ya raba ku da ciwon gwiwa. Wanda yake son ganin marmaro na gaskiya, ya biyo ni bayan banɗaki. Mahaifiyata tana can tun safe, ƙafafunta a cikin kwata.

Na gode.