Can Ba Wanda Ya San Ni

A tashar mota, wata matashiya na zaune kan akwatinta, wata dattijuwa a gefenta.

"'Yata, kaya haka? Aure ne?"

"Aiki ne, Mama. Nas ce ni, na canza asibiti."

"Albashin can ya fi tsoka ke nan."

"Wallahi na nan ya ɗan fi. Amma can za su ba ni ɗaki, su tura ni karatun ungozoma."

"Saboda ɗaki za ki bar danginki?"

"Ai su nake gudu! Ina dawowa daga aiki zan tarar da layi a ƙofar gida: Kawu da hawan jininsa, Gwaggo da allurarta. Rabona da cin abinci da zafinsa har na manta. Can kuwa ba wanda ya san ni. Barci zan yi har da minshari."

"Allah sarki, kin huta." Dattijuwar ta janye zane daga gwiwarta. "Tunda Allah ya haɗa mu, ɗan duba min nan."

Matashiyar ta tuntsire da dariya. "Mama, Litinin nake farawa. Ki zo ki yanki kati."