Gyaran Kafur

A Kasuwar Muda Lawal, wata dattijuwa mai sayar da kayan jarirai ta jefa wa wani magidanci kafur cikin leda, gyara.

"Mama, cire shi. Jiya aka sallamo ɗana daga asibiti, shawara ce ta kama shi."

"Ina ruwan kafur da shawara?"

"Likita ya ce akwai wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini, shi kuwa da ƙarancinsa aka haife shi. Ƙamshin kafur a jikin tufafi ma yana iya farfasa masa jini. Wai ya fi kama maza."

"Haba ɗan nan. Ni da kafur na ajiye kayan 'ya'yana duka."

"Suna nan lafiya?"

Ta daɗe tana kallon ledar, sannan ta sa hannu ta cire kafur ɗin.

"Matan suna nan."