Ido Ya Ce Ka Sa

A bencin jira na asibiti, dattijuwar da ta zo awon hawan jini ta kasa ɗauke ido daga maginin da ke gefenta, takalminsa duk siminti, yana rungume da kular abinci.

"Sannu, bawan Allah. Wa aka kwantar maka?"

"Wallahi, Mama, ko sunansa ban sani ba, yana dai gado na shida. Ni na jawo masa. Maƙwabcina ya yi tafiya, ya ce in sa ido a gidansa. Shekaranjiya da rana tsaka na tarar da mutumin yana cire injin ruwa, na sauke masa shebur a ƙeya."

"Makami ya zaro maka?"

"A'a, gudu ma zai yi."

"To, da ya mutu fa?"

"Amana aka ba ni, Mama! Da injina ne, sai in bar shi da Allah. Amma kayan wani?"

Ta gyara zama. Ita ba faɗa take nema ba, so take ta gane.

"Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Naka ka yafe, na wani kuma har da rai? Ido ya ce ka sa, ɗan nan, ban ji ka ce hannu ba. Shi maƙwabcin me ya ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Wai injin ya shekara da lalacewa."

Sai ma'aikaciyar jinya ta leƙo. "Ina ɗan'uwan mai gado na shida?"

Babu wanda ya motsa. Can maginin ya miƙe da kularsa.